Gitar Ƴan Tawaye a Fadar Tela: Gardamar Cadawa kan Tinariwen

A babban hutun da ya wuce na koma gida Cadawa, na tarar fadarmu ta rabu gida uku a kan wasu makaɗa da babu wanda ya taɓa ganinsu ido da ido a cikinmu, babu kuma mai jin abin da suke faɗa. Fadar tamu benci biyu ce da tabarma ɗaya a ƙofar shagon wani tela, kusa da kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Agye da Gazawa. Bayan isha'i ake ɗora shayi, a yi ta hira har manyan motocin dare su fara wucewa.

Wani ɗan kabu-kabu, sa'ana, shi ya tsokano zancen. Ya kunna Mdou Moctar a salula, ya ɗaga ta sama ya ce, "Ku ji hannu! Duk duniya ba mai taɓa gitar kamar wanga bawan Allah."

Tela ya ɗage ƙafa daga keke. Dattijo ne, ya yi ci-rani a Libiya tun ba a haife mu ba. Ya ce, "Kai yaro mi ka sani? Wanga da kake ji jika ne. Kakanni su ne Tinariwen. Su suka share hanya, saura duk sawu suka biyo."

"Baba tela, ka yi haƙuri, amma tsohin nan waƙarsu guda ce. Ka ji ɗaya ka ji duka. Tahiyar raƙumi ce, ba sauri ba tsayawa. Kuma ma ƴan Mali ne."

Sai Mushe, malamin lakwal da ke zama da mu, ya shiga tsakani. Ya ce dukansu sun ɓata. A ganinsa Turawa ne suka ɗaga Tinariwen, kuma ba don kyautar da aka ba su a Amurka ba da ba a damu mutane da sunansu haka ba. Ya ce a nan Nijar wanda ya shigar da kiɗan nan gidajen mutane shi ne Abdallah Oumbadougou, amma da yake namu ne, ba wanda ke yi masa gardama.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a gefe. Tsohon soja ne, ya yi aiki a arewa a shekarun tawaye. Ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya ce, "Ku kiɗa kuke ji. Ni hanyar Arlit nake ji." Ya ɗauki tocilarsa ya tafi.

Maganar Kawu ce ta sa na bi diddigin tarihin mutanen nan, don na ga gardamar ta wuce ta wa ya fi wa iya kiɗa.

Su wane ne Tinariwen?

Mu nan muna cewa Buzaye, rediyo na cewa Abzinawa. Su kuwa da harshensu suke kiran kansu: Kel Tamashek a Mali, Kel Tamajak a Nijar, Kel Tamahak a Aljeriya. Kalma ɗaya ce, baƙin tsakiya ne ke sauyawa daga sh zuwa j zuwa h, kamar yadda Bakano ke cewa lafiya mu mu ce lahiya. Da ƙasashen yankin suka sami ƴanci wajen 1960, iyakokin da Faransa ta bari sun raba su tsakanin Mali, Nijar, Aljeriya, Libiya da Burkina Faso.

A 1963 tawaye ya tashi a yankin Kidal, arewacin Mali, gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe shi da ƙarfi. Cikin waɗanda aka kashe har da mahaifin wani yaro ɗan shekara huɗu, Ibrahim Ag Alhabib. Yaron ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya. Gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta, irin yadda yaranmu ke haɗa gurmi da gwangwanin madara.

Sai fari ya biyo baya, na 1973 da 1974, sannan na 1984 da 1985, wanda iyayenmu a nan ke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mu gero muka rasa, su dabbobi suka rasa, kuma makiyayin da garkensa ya mutu ba shi da gonar da zai jira damina a kanta. Samari dubbai suka kwarara Tamanrasat da biranen Libiya neman aikin leburanci da gadi. A Tamanrasat ne, a 1979, Ibrahim da abokansa, irin su Alhassane Ag Touhami da Inteyeden Ag Ablil, suka fara kiɗa tare a wuraren biki. Mutane suka sa musu suna Kel Tinariwen. Tenere shi ne hamada, fili mara kowa. Tinariwen jam'insa ne. Wato mutanen hamadu.

A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo a ba su horon soja. Da yawa suka amsa, har da makaɗan. A sansanonin Libiya suka haɗu da wasu kamar Abdallah Ag Alhousseyni, a can kuma waƙoƙinsu suka ɗauki launin gwagwarmaya.

Kalmar ishumar

A nan ne karatuna ya yi mini amfani. Samarin nan ana kiransu ishumar. Asalin kalmar Faransanci ne, ita ce shomer ɗin da muke kiran wanda ba shi da aikin yi. Harshen Tamajak ya karɓe ta ya yi mata sutura irin tasa: mutum ɗaya ashamur, da yawa ishumar, rayuwar kanta kuma teshumara. Da farko gori ne, kamar a ce maka mai zaman kashe wando. Samarin suka ɗauki gorin suka mai da shi sunan tsararsu da na kiɗansu.

Akwai wani abin kuma. Kafin su, kiɗan Abzinawa yana da ƙa'idar wa ke yin me. Mata ne ke kaɗa tende, turmin da ake rufe wa baki da fata, su ne kuma ke goga imzad, mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu. Molon da ake kira tehardent na maroƙa ne masu gado. Gitar ba ta da gidan gado, saboda haka ɗan kowa ya iya ɗaukarta. Ishumar suka ɗebo bugun tende da tafin mata, suka ɗora a kan gitar lantarki, suna kuma sauraron kasetocin Jimi Hendrix, Santana, Dire Straits da Bob Marley, da mawaƙan Aljeriya da Maroko. Maimakon wasa wani sarki ko attajiri, sai suka yi waƙa da bakin talakan da ya rasa garke, ya rasa gari. Wanda ya san yadda roƙo yake gado a ƙasar Hausa zai gane girman wannan sauyi.

Tafiyar raƙumin da ɗan kabu-kabu ke raina wa, to daga tende ta fito. Da gangan aka yi ta haka.

Kaset ɗin da ake ɓoyewa

Tinariwen sun yi sama da shekara goma ba su shiga situdiyo ba. Duk wanda ya zo da kaset sabo za su yi masa waƙa a gaban rakoda, shi kuma ya tafi da shi. A kwafa daga wannan rakoda zuwa waccan, har sautin ya dushe, a bi da shi cikin manyan motoci daga Sabha zuwa Tamanrasat, zuwa Kidal da Agadas. Ga al'ummar da ba ta da jarida ko gidan rediyo nata, kaset ɗin shi ne wasiƙa, shi ne labaru. Tela ya ce a ɗakin da suka yi haya a Libiya, maƙwabtansu Buzaye in suka kunna kaset ba sa rawa. Shiru suke yi, wani ma ya ja rawani ya rufe ido.

A watan Mayu 1990 aka yi abin da aka yi a Cintabaradan: hari a kan ofisoshin hukuma, sannan ramuwar da ta ci rayukan fararen hula masu yawa, batun da ya kai har gaban Babban Taron Ƙasa na 1991. A ƙarshen Yuni 1990 aka kai hari Menaka, tawayen Mali ya tashi, wasu daga cikin ƴan Tinariwen suka ɗauki bindiga. Daga nan labarin nan ya samo asali, na mayaƙi mai bindiga a hannu da gitar a goye a baya, wanda ƴan jaridar Turai suka yi ta maimaitawa.

A ɓangarenmu, muryar tawayen ita ce ta Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. An hana kasetocinsa, kuma a same ka da ɗaya a shingen bincike ba ƙaramar fitina ba ce. A nan Mushe yana da gaskiya: wanda ya rayu a Agadas ko Arlit a waɗannan shekaru, sunan Abdallah zai fara kira. Sai bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ya iya tsayawa a gaban jama'a a Yamai ya yi kiɗa a fili. Ya rasu a farkon 2020.

Kawu ma yana da tasa gaskiyar. A shekarun nan motoci ba sa bin hanyar arewa sai da rakiyar soja. Abokinsa na kusa, wanda suka shiga aiki rana ɗaya, kwanton ɓauna ya faɗa a wannan hanya bai dawo ba. Wasu waƙoƙin farko na ishumar kira ne kai tsaye a tashi a yi yaƙi. Duk mai son Tinariwen da ya ce waƙoƙin zaman lafiya kawai suka yi, bai faɗi tarihi daidai ba.

Daga Kidal zuwa Grammy

Bayan an ƙona makamai a Tumbuktu ranar 27 ga Maris 1996, makaɗan suka koma kiɗa zalla. Haɗuwarsu da wata ƙungiyar Faransa mai suna Lo'Jo ta buɗe musu ƙofar waje. A Janairu 2001 aka yi bikin hamada na farko a Tin Essako. A shekarar ne faifansu The Radio Tisdas Sessions ya fito, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Kidal. Sai Amassakoul a 2004, ma'anarsa matafiyi. Aman Iman a 2007, ruwa shi ne rai. Imidiwan a 2009, abokai. A 2007 sun buɗe wa Rolling Stones fage a ƙasar Ayalan, a 2010 kuma sun yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Faifan Tassili, wanda suka ɗauka a jejin kusa da Janet a Aljeriya, shi ya ci kyautar Grammy a 2012.

A shekarar da suka ci kyautar, arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai, aka haramta kiɗa. Jagoran Ansar Dine, Iyad Ag Ghali, shi ne ya jagoranci harin Menaka na 1990, kuma tsohon abokin tafiyarsu ne tun Libiya. A farkon 2013 aka kama ɗaya daga cikinsu, Abdallah Ag Lamida, daga baya aka sake shi. Faifan da ya biyo baya, Emmaar na 2014, a hamadar Kalifoniya suka ɗauke shi, don gida ba ya shiguwa. Duniya na tafa musu, su kuwa sun koma inda suka fara, gudun hijira.

To shin Turawa ne suka ɗaga su, kamar yadda Mushe ya ce? Lissafin shekaru ya ba da amsa. Daga 1979 zuwa 2001 shekara 22 ke nan suna da masu sauraro daga Libiya har Nijar, ba kamfani, ba talla. Abin da kasuwar waje ta ƙara shi ne suna da kuɗi, ta kuma manna musu laƙabin da ba su suka zaɓa ba, wai bulus ɗin hamada. Su assouf suke kiran kiɗansu.

Jikoki

Ɗan kabu-kabu bai yi ƙarya ba da ya ce na baya sun fi saurin hannu. Bombino, ɗan Agadas, ya gudu Burkina Faso lokacin tawayen 2007, bayan an kashe biyu daga cikin makaɗansa. Ya dawo ya yi Nomad a 2013, kuma da faifansa Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin ƴan takarar Grammy. Mdou Moctar, bahago, wuta yake fitarwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sayar da shi a kanti ba, daga salula zuwa salula ya yaɗu, kamar yadda kasetocin Tinariwen suka yaɗu daga rakoda zuwa rakoda. Akwai kuma Les Filles de Illighadad, matan da suka ɗauki gitar suka haɗa ta da tende, suka mai da kiɗan inda ya samo bugunsa.

Yau in ana biki a Maraɗi ko Tasawa, ko ana gangamin siyasa, ba abin mamaki ba ne ka ji wannan gitar, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace suna taka ta. Kiɗan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujerar mota ya zama na rakiyar amarya. Gado ne, ko mutum ya so ko ya ƙi.

Shaidar da ba mu kira ba

Da na koma Yamai na zauna ina tunanin daren nan, sai na lura da wani abu. In ana gardamar Shata da Narambaɗa, ko Ɗan Anace da Ɗan Gurmu, ba wanda ke kawo zancen wa ya fi iya buga kalangu ko kotso. Magana ake aunawa: azanci, habaici, kirari, wa ya faɗi abin da ya tabbata. Amma a kan Tinariwen mun yi awa uku muna auna hannu da kyauta da ƙasar haihuwa, ba wanda ya kawo magana ko ɗaya, don ba mai ji. Mun yanke shari'a ba tare da babbar shaida ba.

Wata abokiyar karatuna ƴar Agadas ta zauna da ni yamma biyu tana fassara mini. Akwai na yaƙi, ba ta ɓoye ba. Amma mafi yawa a kan ƙishirwa suke, da rijiyoyin da suka ƙafe, da uwa da aka baro, da faɗa ga ƴan'uwa da suka rarrabu suna cin amanar juna. Na tambaye ta assouf. Ta ce kewa ce, amma ta fi kewa faɗi: har da duhun da ke bayan hasken wuta in an kwana a daji. Iskokin jeji ma Kel Essuf ake ce musu, mutanen kaɗaici. Na ce ashe ba mu yi nisa da juna ba, mu da muke da bori da mutanen ɓoye. Na tuna kuma cewa takarda da raƙumi ta hannunsu kalmomin suka shigo mana, takobinmu da takoba tasu kuma ƴan'uwa ne. Ƙarnoni muna cinikin gishirin Bilma da gero da su. Kusan duk Buzun da ya sauko kasuwarmu yana jin Hausa. Mu nawa ke jin Tamajak?

A 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi murna kamar kowa. Amma mai babban harshe yana da wata lalura: kowa na jinsa, shi ba ya jin kowa, har ya ɗauka abin da bai ji ba kiɗa ne kawai.

In aka matsa mini in faɗi inda na tsaya, ina bayan tela, amma da wani dalili daban da nasa. Fara abu kaɗai ba ya sa mutum ya fi kowa. Abin da ya ɗaga Tinariwen a wurina shi ne sun sa gitar lantarki ta yi magana da harshen da ba shi da jarida, sun riƙe mutanen da fari da iyakoki suka warwatsa, kuma da duniya ta buɗe musu ƙofa ba su sauya harshe don a saye su ba. Mdou Moctar da Bombino sun fi su gudu, amma a kan wannan shawara suke tafiya, da Tamajak suke cika dandali a Amurka.

Wannan ya dawo da ni gida. Mu ma mun yi namu. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗora waƙoƙin bori a kan kayan kiɗan zamani. A 1994 shi da Moussa Poussy suka fitar da Niamey Twice, wanda ya kai kasuwannin Turai. Ya rasu a hatsarin mota a 2008. Waƙoƙinsa na nan a katin salular masu caji, sau da yawa ba suna ba shekara. Ana rubuta littattafai da finafinai kan Tinariwen, mu kuwa da muke jin kowace kalma ta Sa'adu ba mu zauna mun rubuta ba. Ina roƙon ƴan'uwa na wannan ƙungiya tamu, musamman ƴan Maraɗi da Agye da Gidan Rumji, duk wanda ya je hutu ya nemi tsofaffin makaɗan orkes da masu tsoffin kaset, ya yi hira da su, ya rubuta suna da shekara tun suna da rai.

Da na je gida sallah, na sami Kawu a zaure yana gyaran rediyo. Na faɗa masa abin da aka fassara mini, na ƙishirwa da na uwa da na kewa, ban kuma ɓoye masa na yaƙin ba. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Ke nan su ma sun yi kewar gida," ya ce.

"Sun yi, Kawu."

"To mu ma mun yi. Wata takwas ban ga uwarka ba, ban ga tawa uwar ba. Wa ya yi muna waƙa?"

Ban da amsa. Na ce in ya yarda zan zo da rakoda ya ba ni labarin hanyar Arlit, da na abokinsa, in rubuta. Ya ce sai an gama girbi. Har yanzu in aka kunna gitar a fadar tela tashi yake yi, amma ya ce in taho da batir masu kyau, don labarin da tsawo.